Gishirin Miyar Hajiya Mero

Shagona na sayar da iri da maganin feshi yana kallon rumfar Hajiya Mero, a bakin ɗaya daga cikin tashoshin motar Funtuwa. Na daɗe a wurin, amma ita na tarar. Tuwon masara take tuƙawa da na shinkafa, miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa, idan rana ta take kuma a sauke shinkafa da wake. Direbobi da 'yan dako da dillalan hatsi su ne mutanenta. Bayan tuwo, abin da aka fi saninta da shi a tashar shi ne tambaya.

Ba tambayar gulma ba ce, ba ruwanta da wa ya auri wa. Direba zai zauna da kwanonsa, sai ta ce ya gaya mata dalilin da ya sa tayar motarsa take cinyewa ta gefe ɗaya. Ni kuwa ta sha tsare ni a kan yadda aka yi maganin da nake sayarwa yake ƙone ciyawa ya bar masara, alhali duk ganye ne. Idan ka ce ba ka sani ba, sai ta gyaɗa kai ta ƙara maka nama. Idan ka ƙirƙiro amsa don kada ka ji kunya, za ta ƙyale ka, bayan kwana biyu ta dawo maka da abin da wani ya faɗa mata, ta ce to kai da shi wa za ta kama.

A wani ƙauye yamma da Ɗandume aka haife ta, mahaifinta manomin auduga ne. Ba ta yi boko ba. Allo ta yi, sai Islamiyya, karatun boko kuma sai da ta hayayyafa sannan ta shiga ajin yaƙi da jahilci ta koyi abin da zai ishe ta karanta sunan mota da takardar magani. Ta taɓa ba ni labarin cewa tana ƙarama ta bi kunya guda a gonar babanta tana ɓare 'ya'yan auduga ɗanyu, wai tana son ganin ranar da farin yake fara shiga ciki. Ta sha faɗa a ranar, ba ta kuma ga abin da take nema ba.

Aure ne ya kawo ta Funtuwa. Mijinta, Malam Sada, yana aiki a wani gidan gurzar auduga, kuma a ƙofar gidan ta fara sayar wa ma'aikata abinci lokacin kaka. Da aikin gurza ya ja baya, shi ya koma noman masara da waken suya, ita ta samu wuri a tasha. Malam Sada siriri ne, marar yawan magana, kullum a ƙafa ko a keke. Na san shi sosai, a wurina yake sayen iri.

Wata rana ya dawo daga gona ya tsuguna yana alwalar azahar, sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya yunƙura zai ɗauka, hannun ya ƙi. Bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe. Maƙwabta suka taru suka ce iska ce ta buge shi a hanyar gona. Aka yi hayaƙi, aka yi rubutu, aka kawo mai maganin gargajiya ya yi ta shafe-shafe. Sai da aka kwana biyu ba sauƙi sannan aka kai shi asibiti. Likitan da ya duba shi ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ne ya jawo, kuma da an kawo shi tun ranar da abin ya faru da ya fi.

Hajiya Mero ta buɗe baki za ta jero tambayoyinta, amma layi ya kai har waje, likitan kuma shi kaɗai ne. Abu ɗaya ya samu ya faɗa mata kafin a turo na gaba: ciwon ba a hannu yake ba, a cikin kai yake, kuma a ɓangaren hagu. Ta fito tana juya maganar. Hannun dama ne ya mutu, ƙafar dama ce take ja, to me ya kawo hagu ciki? Ta tambayi mai ba da magani, ya ce haka likita ya faɗa. Ta tambayi wani ɗan uwanta malamin makaranta, ya ce ikon Allah ne. Ta ce ta san ikon Allah ne, hanyar da ikon ya bi take son ji.

Malam Sada ya yi 'yan shekaru a haka. Ita take masa wanka, ita take motsa masa hannu safe da yamma kamar yadda aka koya mata, ta zaunar da shi a zaure kafin ta fito tasha. Maganarsa ta ɗan dawo, hannun bai dawo ba. Cikin wata damina Allah ya karɓi abinsa.

Bayan ta fita takaba ta dawo rumfa, sai ta fara lura da abin da mu duka muke gani muna wucewa. Yau a ce direba wane ya faɗi a bakin motarsa. Bayan wasu watanni a ce wani ɗan dako mai ƙarfi kamar sa ya kwanta bai tashi da rabin jikinsa ba. Sai kuma wani dillalin hatsi da ya dafe ƙirji a kasuwar Ɗandume, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Duk mutanen da ta sani ne, ta san mai son ƙanzo, ta san wanda ba ya cin yaji. Idan ta ji labari sai ta zuba abinci a kula ta tafi dubiya, ta zauna da matan gidan tana tambaya: me yake ci, yana barci, yana ciwon kai, ubansa me ya kashe shi?

Kusan kullum da sabon zargin da take zuwa min da shi. Ta ce goro ne. Bayan mako guda ta ce ba goro ba ne, don wane bai taɓa sa shi a baki ba. Ta koma kan zaman mota, sai ta tuna 'yan dako ba sa zama. Akwai lokacin da ta kafe a kan maganin feshina, har ta daina gaishe ni da fara'a, sai da abin ya faɗa kan wani tela da bai san hanyar gona ba sannan muka shirya.

Ana cikin haka Dakta Najiba ta biyo ta tashar. 'Yar Malumfashi ce, yarinya ce a lokacin, ba ta daɗe da gama karatun likita ba, tana ƙarin ƙwarewa a kan ciwon zuciya a wani babban asibiti a Zariya. Gida za ta, mota ba ta cika ba, ta shiga rumfa ta ce a ba ta tuwon shinkafa. Hajiya Mero ta hango abin awon jini ya leƙo daga jakarta. Ta bari sai da yarinyar ta wanke hannu, sannan ta jawo kujera ta zauna gabanta ta yi mata tambayar hagu da dama.

Ina tsaye a wurin ina jiran nawa kwanon. Likitar ta karɓi ludayi biyu ta gitta su a kan tebur. Ta ce haka jijiyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa suke gittawa a wajen ƙeya, na hagu su tafi dama, na dama su tafi hagu. Idan hanyar jini ta toshe ko ta fashe a ɓangare ɗaya na kai, ɗaya ɓangaren jikin ne zai ji. Hajiya Mero ta daɗe tana kallon ludayan. Sai ta ce to me ya sa suka gitta, me ya hana kowa ya bi gefensa?

Likitar ta yi dariya ta ce, "Wallahi Inna, wannan har yau masana ba su gama yarda da amsa ɗaya ba."

Ban taɓa ganin Hajiya Mero ta ji daɗin amsa kamar wannan ba. Motar Malumfashi ta cika ta tashi suna nan suna magana, sai ta gaba likitar ta hau.

Daga nan duk lokacin da Dakta Najiba za ta gida ko za ta koma Zariya sai ta tsaya a rumfar. A irin wannan tsayawa ne ta faɗa wa Hajiya abin da ke damunta. Ta ce a asibiti ba sa ganin mutum sai bayan ya faɗi. Ita tana son ta fito ta auna mutane tun suna kan ƙafafunsu, musamman masu aikin tasha da kasuwa, ta ga nawa ne jininsu ya hau ba su sani ba, me suke ci, gishiri nawa yake shiga jikinsu. Akwai wata gidauniya da masu hali suka kafa don tallafa wa matasan likitoci masu irin wannan bincike, ta nema, amma sun ce sai ta fara kawo ɗan sakamako da zai nuna aikin zai yiwu. Shi kuma ɗan sakamakon yana buƙatar na'urori da kuɗin gwaji da masu taimako, albashinta ba zai ɗauka ba. Ta ce haka masu tasowa da yawa suke haƙura, manya ake ba wa saboda an san su, su kuma ba za a san su ba sai sun yi aikin.

Hajiya Mero ta kwana da maganar. Washegari ta aika aka kira mata Alhaji Bature, ciyaman ɗin ƙungiyar direbobi.

Akwai al'adar da muke da ita a tashar. Duk kaka, idan amfanin gona ya shigo, kowa yana kawo abin da Allah ya hore masa, yawanci hatsi, a sayar a gyara masallaci, abin da ya rage a taimaki waɗanda ciwo ya kwantar. Abin da Hajiya ta nema shi ne a bana a ware wani kaso a ba likitar ta fara aikinta.

Alhaji Bature mutum ne mai jiki da murya, kuma ba marowaci ba ne. Amma ya ƙi. Ya ce idan ka saya wa marar lafiya magani ka ga inda sadakarka ta tafi. Wannan kuwa likita ce mai albashi, za a ba ta hatsin talakawa don ta yi ta tambayar mutane me suka ci. Ya ce a bari ta zo ta faɗa da bakinta abin da za a samu.

Aka yi zaman ranar wata Juma'a bayan an sauko, a ƙarƙashin dalbejiyar da ke gefen masallaci. Dakta Najiba ta yi bayani da Hausa tsantsa. Da ta gama, Alhaji Bature ya tambaye ta ko za ta iya yin alkawarin cewa idan an gama, shanyewar jiki za ta ragu a tashar nan.

Ta ce, "Ba zan iya ba, Alhaji. Mai yiwuwa ma in gama in tarar abin da nake zato ba shi ba ne. Abin da zan iya alkawari shi ne duk wanda na auna zan gaya masa gaskiyar jininsa, kuma duk abin da na gano, nan zan fara kawo shi kafin ko'ina."

Na ɗauka magana ta mutu. Sai aka juya ga limaminmu, Malam Muhammad Awwal, aka tambaye shi ko irin wannan ma yana shiga sadaka. Ya ce zakka dai tana da mutanenta da aka ambata, kada a taɓa ta. Amma sadakar ganin dama ƙofarta a buɗe take, kuma ilimin da mutane za su amfana da shi yana cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Ya ƙara da cewa shi kansa yana son a auna shi, don ƙeyarsa tana yawan riƙewa.

Hajiya Mero ce ta fara. Ta ce buhunan masarar da aka samu a gonar marigayi a bana ta bayar, ladan ya je masa. Ta ba da rabin rumfarta a riƙa yin awon, ta kuma ɗauki abincin masu aikin. Na kawo waken suya. Dillalai suka kawo nasu. Alhaji Bature ya ce shi har yanzu bai gamsu ba, amma ba za a ce mace ta yi, ƙungiya kuma ta kasa ba: duk abin da za a kai Zariya don gwaji, direbobi za su kai kyauta.

Bayan an sayar da hatsin aka sayo na'urorin awon jini da sikeli da kular ƙanƙara, aka ɗauki ma'aikatan jinya mata biyu. Aka rataye labule a rabin rumfar. Duk ranar da likitar take hutu sai ta zo, mutane su shiga ɗaya bayan ɗaya, a ɗaura musu abin awo a dantse, a yi musu tambayoyi. Ba wanda aka tilasta, kuma sai an karanta wa mutum bayani ya amince.

Inda aka sha wuya shi ne maganar fitsari. Likitar ta ce ba a gane yawan gishirin da mutum yake ci da baki, sai an tara fitsarinsa na yini da kwana a auna. Aka raba wa mutane 'yan jarkoki. Direbobi suka ce su ba za su ɗauki najasa a motar da suke salla da kayan jikinsu ba, balle fasinja ya tambaye su me ke ciki. Wasu suka mayar da jarkokin, wani ma ya zuba man juye a tasa. Hajiya Mero ce ta ba da shawarar a bar kowa ya yi a gida ranar da ba ya lodi, ya kawo a naɗe cikin buhu ta ƙofar baya. Ta kuma ce duk wanda ya kawo tasa, tuwonsa na ranar da nama kyauta ne. A haka jarkokin suka fara dawowa, kular ƙanƙara ta riƙa bin motar farko zuwa Zariya.

Ita kuwa Hajiya, abin ya zame mata makaranta. Ba ta leƙa bayan labule, don likitar ta ce sirrin mutane ne, amma da an tashi sai ta tsare ta. Me ya sa lamba biyu ake faɗa ba ɗaya ba? Me ya sa ake sa mutum ya zauna ya huta kafin a auna? Ina ruwan gishiri da jini? Likitar ta ce gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwan ya ƙara wa hanyoyin jini nauyi, zuciya ta yi ta turawa da ƙarfi, shekara da shekaru, mutum bai ji komai ba. Ta ce ba gishirin da ake gani kaɗai ba, har da dunƙulen miya da kanwa.

Wata safiya Dakta Najiba ta zo da ɗan ƙaramin sikeli, ta roƙi Hajiya da sauran masu abincin tashar su bari a auna abin da suke zubawa a tukunya. Hajiya ba ta taɓa awo ba, da hannu take ɗiba. Ta ɗebo gishiri kamar yadda ta saba, maimakon tukunya ta zuba a faranti, ta ɓare dunƙulen ta ɗora, ta kawo jiƙaƙƙiyar kanwar. Ta tsaya tana kallon tulin da ke farantin. Ta ce min daga baya ba ta taɓa ganinsa a wuri ɗaya ba, kullum cikin ruwa yake ɓacewa.

Ranar ba ta yi wa kowa tambaya ba har la'asar. Da mutane suka ragu, na shiga karɓar kwanona, na ji tana magana da likitar a hankali.

Ta ce, "'Yar nan, ki gaya min tsakaninki da Allah. Malam tun da muka yi aure bai ci miyar kowa ba sai tawa. Ita ce?"

Likitar ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce ba wanda zai iya faɗar haka a kan mutum ɗaya, ko ita ko wanda ya fi ta. Akwai gado, akwai shekaru, akwai abin da ba a gano ba tukuna. Mutum biyu za su ci daga kwano ɗaya, jinin ɗaya ya hau na ɗaya ya zauna. Ta ce abin da bincike yake iya nunawa shi ne halin jama'a idan an haɗa su, don a san abin da za a rage gobe. Ta ce kuma abin da ya fi cutar da Malam shi ne ba a taɓa auna shi ba, wannan kuma ba a tukunya yake ba.

Hajiya ta share ido da bakin mayafinta ta ce ta ji. Ba ta ce ta gamsu ba.

Aikin ya ci fiye da shekara. Da aka gama, Dakta Najiba ta cika alkawari, aka sake zama ƙarƙashin dalbejiya. Ta ce waɗanda jininsu ya hau ba su sani ba sun fi yadda ita kanta ta zata, har da samari. Gishiri ya yi yawa a jikin kusan kowa, amma masu cin abincin gida ba su fi masu cin na tasha sauƙi ba, don haka ba za a ɗora wa masu rumfa laifi su kaɗai ba. Abin da ya fi ba ta mamaki kuma ba shi ta fito nema ba: mutane da yawa an taɓa ba su maganin hawan jini, suka sha na ɗan lokaci, da suka ji garau suka ajiye, suna ganin kamar zazzaɓi ne da ake warkewa. Ta ce su ne suka fi ba ta tsoro.

Alhaji Bature ya miƙe ya ce yana cikinsu, ba sai an ɓoye ba. Ranar da aka auna shi likitar ba ta bar shi ya koma ofis ba, asibiti ta tura shi kai tsaye. Ya ce har yanzu yana ganin sayen magani ya fi kama da sadaka, amma ya yarda a sake warewa baɗi.

Da wannan sakamakon ta koma wa gidauniyar, suka ba ta tallafin. Aikin ya faɗaɗa zuwa ƙauyukan Ɗandume da na Malumfashi, wurin manoma da matansu, kuma tambayar da take bi yanzu ita ce yadda za a yi mutum ya ci gaba da shan maganin ciwon da ba ya ji. Zuwanta tasha ya ragu. An bar mana na'ura ɗaya a ofishin ƙungiya, ɗaya daga cikin ma'aikatan jinyar tana zuwa lokaci-lokaci.

Hajiya Mero ta rage gishiri. Da farko ta zaftare shi gaba ɗaya, miya ta yi lami, mutane suka gudu rumfar gaba. Sai ta koma tana ragewa kaɗan-kaɗan, tana ƙara daddawa da citta da tafarnuwa, ba ta gaya wa kowa. Wasu ba su lura ba. Wasu sun lura ba su dawo ba har yau. Akwai wani tsohon ɗan dako da yake zuwa da ƙullin gishirinsa a aljihu, ya barbaɗa tana kallonsa. Ba ta hana shi, sai dai ta tambaye shi yaushe rabonsa da awo.

Kason da ake warewa a kaka bai tsaya ba, ko da yake ba kowace shekara yake da kauri ba, akwai shekarar da taki ya yi tsada ba a samu komai ba. Dakta Najiba tana turo ƙannenta a aiki, masu son yin bincike da ba su da abin farawa. Sukan zo su tsaya gaban direbobi da dillalai su yi bayani. Sharaɗin Hajiya ɗaya ne, a yi da Hausar da za ta gane. Na ga wani saurayin likita da gumi ya jiƙa wa riga yana neman yadda zai faɗi abin da yake son aunawa a jinin mata masu jego. An ba shi, amma sai da ya dawo karo na biyu.

Bara ne Hajiya ta ce ita fa tana son ganin inda kular ƙanƙarar nan take zuwa. Alhaji Bature ya sa aka ba ta gidan gaba a motar Zariya, ta bar wa 'yarta Hansai rumfa, abin da ba ta saba yi ba. Dakta Najiba ta tarbe ta, ta nemi izini ta shiga da ita ɗakin gwaje-gwaje. Aka ba ta farar riga ta ɗora a kan mayafi. Aka nuna mata injin da ke auna gishiri, ta ce ta zata zai fi haka girma. Aka kai ta inda ake duba zuciya, ta ga tata tana buɗewa tana rufewa a allo, ta ji ƙararta. Daga ƙarshe aka tsaga mata yatsa aka shafa jinin a ɗan gilashi, aka sa a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, aka ce ta kanga ido.

Da yamma ta dawo, ba ta wuce gida ba, shagona ta shigo ta zauna a kan buhun iri. Ta ce min, "Awaisu, ashe jini ba ruwa ba ne zalla. Wasu 'yan abubuwa ne a ciki birjik, zagayayyu, da ɗan lotsawa a tsakiya, kamar waina an juye daga tanda. Kuma ba ja wur suke ba."

Na tambaye ta ko ta tambayi dalilin lotsawar. Ta ce ta tambaya, an gaya mata don su iya lanƙwasawa ne su bi ta ƙananan hanyoyi, amma mai bayanin yana sauri, akwai sauran abin da ba ta kama ba, za ta jira likita ta zo. Sai Hansai ta leƙo ta ce kuka ta ƙare kuma mai itace yana jira. Hajiya ta miƙe, ta gyara mayafi, ta tsallaka titi.